Wadda Ta Zauna da Wadda Ta Fita

Yaya,

Sallama irin ta mutanen kirki, daga hannun wanda ba a taɓa lissafa shi a cikinsu ba. Ina fatan kina lafiya, ke da Zomanya. Kada ki ce in daina kiran 'yarki haka. Hoton da kika aiko yana nan a bango, kuma kunnuwan nan ba ni na zana mata su ba.

Gwaggo tana lafiya, sai dai kunnen ya ƙarasa tafiya. Gidan yanzu daga ni sai ita: ni ba na iya faɗa, ita ba ta iya ji. Jiya ina so in ce mata ruwa ya tafasa, i'ina ta riƙe ni a "ru-ru-ru", sai ta ɗaga hannu ta ce, "Amin, amin, kai ma Allah ya yi maka." Shi ya sa nake cewa ki bar kirana a waya. Kafin in gama gaishe ki kin makara wurin aiki. A takarda kuwa harshena lafiyarsa lau.

Saƙonki ya iso, tsinkayen auduga guda biyar, kowanne a kwalbarsa da sunan mai shi. Na kai wa kowa bayaninki: a goga audugar a cikin kumatu, a rufe, a mayar miki, ku duba ko akwai wanda ɓargonsa ya dace da na Zomanya, tunda likitoci sun ce sikilar nan ba za ta sake ta ba sai an dasa mata sabon ɓargo. Ƙannenki huɗu na bi su gidajensu, sun goga, sun yi addu'a. Saura babban wanku, Yaya Tela. Da ya hango ni da kwalba sai ya jawo ƙofar shago, yana magana ta taga wai ɗinki ya yi masa yawa. Mutumin da yake wuni da allura a hannu, Yaya, auduga yake tsoro.

Na dawo gida na zauna da kwalbarsa. Na sake duba sunayen, har na juya takardar ta baya ko an rubuta ni a can. Babu. Ba laifinki ba ne. Ni kaina idan aka tambaye ni yadda muke da ke sai na nemi wuri na zauna: kakata ta wajen uwa da kakanki ubansu ɗaya, Inna ta rasu, aka kawo ni gidanku da 'yar jakata, aka manta ba a mayar da ni ba.

Sai na ga bai kamata auduga mai tsabta haka ta koma da yunwa ba. Na buɗe baki na goga mata kumatun mahauci, dama da hagu, na rufe. Saboda haka idan kika leƙa kwalbar Yaya Tela a madubinku na ɗakin gwaji kika ga wani abu yana yi miki gwalo, kin san mai shi.

Abin da ya faɗo daga ambulan gemun bunsuru ne. Na Zomanya ne, ba naki ba.

Ƙaninki na can nesa,
Shaƙiyyi

*

Shaƙiyyi,

Na amsa sallamarka. Ka gaida Gwaggo, ka matsa ta kunnenta na hagu, shi ne mai ɗan saura.

An sake kwantar da 'yarka. Ciwon ya kama ƙafafunta da bayanta, tana kuka tana cewa in cire mata ƙasusuwan in ajiye. Ina gefen gadonta na buɗe takardarka. Ka san wahalar da na sha kafin asibiti ya ba ni tsinkayen nan? Biyar suka ba ni, na rubuta waɗanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, don su aka fi sa wa rai. Ka ɗauki na babban wanmu ka yi wasa da shi.

Na goge sunansa na rubuta naka, don a wurin aikinmu ba a yin ƙarya a jikin kwalba. Za a gwada tare da sauran, tunda ya riga ya zo.

Tun rasuwar babanta ni kaɗai ce a kanta a garin nan. Da safe in leƙa jinin mutane a ɗakin gwaji, da yamma in hau bene in zauna da ita. Ba ni da sauran dariya. Ka girma, don Allah.

Gemun yana ƙarƙashin matashinta. Ta hana a jefar.

Yayarka

*

Ƙanena,

Ina fatan kai da Gwaggo kuna lafiya. Ka yi haƙuri da dogon shirun da na yi, da kuma zafin takardata ta baya.

Sakamako ya fito. Cikin ƙannena huɗu ba wanda ya dace. Kwalba ta biyar ta dace. Likitan jini ya sa aka maimaita, sannan ya kira ni ofis ya tambaye ni wane ne wannan. Na fara yi masa bayanin kakarka da kakana, na rikice a tsakiya. Ya ce a dangin da kakanni suka yi ta auren juna hakan kan faru, alamomin da ake gado a jikin ƙwayoyin halitta su zagaya su haɗu a inda ba a zata ba. Ya ce ba kasafai ake gani ba.

Kai ne. Ɓargonka ne ya dace da na 'yata.

Ana so a sake gwada jininka a nan, idan komai lafiya a ɗiba. Ban san yadda ake roƙon irin wannan ba.

Ka zo.

Yayarka

*

Ranki ya daɗe, Yaya,

Gaisuwa da jinjina. Muna lafiya, har na ƙara ƙiba don dariya.

Kin iya, na sara miki. A mahauta na karanta, na jingina da katakon sara ina ƙyaƙyatawa har maigidana ya tambaya ko in kira masa mai addu'a ne ya duba ni. "Ƙanena." Tun da aka kawo ni gidan nan ba ki taɓa ce mini ƙanena ba, a nan na fara jin warin tarko. Sannan ga "Ka zo" ita kaɗai a layi, kamar marainiya.

Kin tuna ranar da na ce miki takardar tafiyarki karatu ta iso, tana wurin mai shagon bakin titi? Kika fita ba takalmi, da kumfar wanki a hannu, kika tarar da bawan Allah yana barci. Kin rantse a tsakar gida sai kin rama ko bayan shekara nawa ne. To ga ranar ta zo. In haɗa kaya, in yi sallama da unguwa, in yi ta tafiya a mota har ƙafata ta kumbura, in iso ki tarye ni da shewa. Ni da ko bayan takardar suna ban samu shiga ba, ni ne zan fi 'yan uwa ɗaya uba ɗaya? Ki nemi wani.

Ki gaya wa likitan ɓargona ya ƙare, wata mata ta yi kamunsa tun bara. Idan Zomanya ɓargo take so, ki kawo ta mahauta in fasa mata ƙashin sa ta zuƙe har ta ƙoshi. Ga ɗan guntu nan a ambulan, ta fara lasa kafin ku iso.

Wanda ba a kamawa,
Shaƙiyyi

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida mai jiki. Ban san ko za ki buɗe wannan ba. Ba komai a ciki sai takarda, kina iya girgizawa.

Na yi ta jiran amsa, shiru. Direban da ke kawo saƙonki ya zo ya koma, ya sake zuwa, na tare shi ya buɗe mini tafin hannu. Na ce fushin wadda tarkonta bai kama ba ne.

Yau da hantsi ina sara haƙarƙari sai ga Yaya Tela, da tef ɗin awo a wuya. Ya ratso masu saye ya tsaya a gabana.

Ya ce, "Kai wane irin mutum ne?"

Na ce, "Ya-ya-ya..."

"Kada ka yi mini Yaya. Ta kira ni tana kuka har ba na jin abin da take faɗa. Yarinya tana kwance, ka aika mata ƙashin miya?"

Na ce ai wasa take yi. Ban san tsawon lokacin da kalmar ta ɗauka kafin ta fita ba, shi kuma bai taimake ni ya ƙarasa mini ba.

Ya ce, "Wa ka taɓa ji ya yi wasa da ciwon 'yarsa? Ni matsoraci ne, kowa ya sani. Amma ni ban yi mata dariya ba."

Ya juya ya tafi. Matar da nake sara wa nama ta ce in bar shi haka, kada in haɗa mata da yatsa.

Yaya, ban ƙi ba. Ban yarda ba ne cewa za a nemi wani abu a gidan nan a same shi a jikina.

Yanzu da na yarda kuma, sai tsoro. Zan faɗa miki tunda a takarda ne. Ni ɓargo aikina ne. Kullum ina fasa ƙashi, na san idan aka zuƙe shi sai rami, ka busa ya yi fito. Ban taɓa ganin ƙashin da ya sake cika ba. A mahauta idan mutum ya kasa ɗaga cinyar sa, cewa ake ba shi da ɓargo. Idan suka kwashe nawa, da me zan ɗaga gatari? Wa zai ɗebo wa Gwaggo ruwa, ya tayar da ita idan ƙafarta ta riƙe? Kuma wanne suke so? Na ɗan maraƙi ja ne, na tsohon sa rawaya ne kamar kitse. Ban san wanne ne a cikina ba.

Ni allo kawai na yi, boko a jikin allunan shaguna na tsince shi. Ki yi mini bayani yadda za ki yi wa Zomanya.

Shaƙiyyi

*

Shaƙiyyi,

Na girgiza ambulan ɗin duk da haka. Muna nan, jikin da sauƙi a makon nan. Na yi kuka, na yi fushi, sun wuce. Ni ma da laifina, tunda ban taɓa kiranka ba sai don aike.

Ƙashin da kake fasawa na matacce ne, shi ya sa ba ya cika. Mai rai daban ne. Jan suke so, kuma abin da ka gani a shanu haka yake a mutum: yaro duk cikin ƙasusuwansa ja ne, yana girma na hannu da ƙafa su koma kitse, jan ya tsaya a ƙugu da ƙirji da gadon baya. Daga ƙugunka za a ɗiba da allura, kana barci, kuma kaɗan ne daga abin da kake da shi.

Ga abin da nake gani a madubi. Jininka cike yake da ƙananan ƙwayoyi, jajayen kowacce zagayayya kamar faifai mai lotsawa a tsakiya. Ba sa daɗewa. Wajen wata huɗu suna zaga jiki, su tsufa, a kwashe su. Jinin da ke jikinka yau ba shi ne ka yi mini ƙaryar mai shago da shi ba, an canza maka shi ba adadi, halin ne dai bai canza ba. Na 'yarka kuwa lanƙwasassu ne kamar lauje. Suna maƙalewa a ƙananan hanyoyi, shi ne ciwon, kuma 'yan makonni suke yi su mutu.

Masu haifar su suna cikin jan ɓargo, a lungunan ƙashi. Mu ce musu iyaye mata. Ba su da yawa, ba sa yawo, yawancin lokaci ma shiru suke. Idan jiki yana bukata sai uwa ta rabu biyu. Ɗaya ta zauna a lungun, ta zama uwa kamar ta farko. Ɗayar ta fita, ta yi ta rabuwa, jikokinta su zama jini. Wadda ta fita ba ta dawowa. Wadda ta zauna ita ke riƙe da gidan. Idan aka ɗebi wasu, sauran sai su farka su yi ta haihuwa har gurbin ya cika, cikin 'yan makonni. Fata ma da irin waɗannan iyayen take sabunta kanta, haka hanji. Gatarinka zai jira ka.

Ita kuwa za a ba ta magani mai ƙarfi ya share nata iyayen. Gashinta zai zube, garkuwar jikinta ta faɗi, a killace ta a ɗaki mai gilashi. Sai a ɗaura mata naka kamar ƙarin jini. Ba wanda zai nuna musu hanya, da kansu za su nemo ƙashi su shiga. Suna iya zama, suna iya ƙi. Suna iya zama kuma su ƙi gane jikinta, su tashe shi da faɗa. Ban ɓoye maka komai ba.

Yaya Tela ya ce zai ɗauki Gwaggo gidansa har ka dawo.

Yayarka

*

Yaya,

Muna lafiya. Zan biyo direban a zuwansa na gaba. Na gaya wa Gwaggo zan je a ɗebi ɓargona, ta ce da ma lokaci ya yi, yarinyar 'yar gidan wa ce?

Bayaninki ya shiga. Layi ɗaya ne nake ta komawa kansa: wadda ta fita ba ta dawowa. Na gane, Yaya. Ba sai kin bi ta cikin ƙashi kin faɗa mini ba. Ɗakinki da nake sharewa duk mako zan bar wa Gwaggo ta zuba tarkacenta, da ma ta daɗe tana harinsa.

Ki ce wa Zomanya ta gyara kunnuwa, kawunta na tafe.

Shaƙiyyi

*

Yaya,

Na iso gida lafiya. Ƙugun yana nan kamar an buge ni da ƙofa, ina tafiya kamar agwagwa, 'yan mahauta sun samu abin yi. Maigidana ya hana ni gatari, ya ba ni kujera da mafici in kori ƙuda. Ya jikin 'yata?

Gwaggo ba ta dawo ba. Na je ɗauko ta na tarar da ita a tsakiyar jikoki, ɗaya yana tsefe mata kai, ɗaya yana yi mata ihu a kunne tana dariya. Ta ce sai mako mai zuwa. Yaya Tela ya rako ni bakin titi yana sosa ƙeya, ya ce, "Ka ga ta saba." Na ce na gani. Yanzu idan na shigo gida sai in yi sallama in amsa wa kaina, kuma ko a nan i'ina ba ta ƙyale ni.

Duk zaman da na yi a wurinki ban haɗa miki magana biyu a jere ba, to ga su yanzu. Kin rame. Kullum da takunkumi a fuska, sau ɗaya na ga bakinki, ranar da kika tsaya shan ruwa a barandar nan mai warin sabulu. Na so in tsokane ki a kan furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwali, na ga ba wanda yake kusa da zai taya ki jin haushi, sai na fasa. Na ga ɗakin da kike zaune a can kuma. Kofi ɗaya, kujera ɗaya, takalman makarantar Zomanya a bayan ƙofa an goge su. Ni da nake zaton ni kaɗai ne mai amsa wa kansa sallama.

Ba ki nan lokacin da aka fara kai ni bakin gilashin, kin je neman likita. Tana zaune a gado, kai ba gashi ko ɗaya, kunnuwan sun samu fili. Na haɗa hannuwana na yi mata zomo. Ta kalle ni kamar mai duba nama ko na jiya ne. Sai ta ɗauki takarda ta rubuta ta manna a gilashi: "Kai ne mai gemun?" Na gyaɗa kai. Ta sake rubutawa: "Me ya sa ba ka magana?" Na ƙwanƙwasa gilashin, wai shi ya hana. Ta rubuta: "Ƙarya ne. Mama ta ce i'ina gare ka." Yaya, ba wanda ya taɓa kama ni da sauri haka.

Ranar da aka ɗiba, da na farka aka turo ni a keke har bakin gilashin. Na ga abin a rataye, 'yar jaka ja kamar hanta, yana ɗiga yana bin roba zuwa ƙirjinta. Kina ciki kin juya mini baya. Ni kuma na yi musu magana a zuci, can ba na i'ina. Na ce, an kawo ku gidan mutane da 'yar jaka, kamar yadda aka kawo ni. Ku nemi lungu ku zauna. Kada ku yi faɗa da 'yan gida. Kada ku yi halin mai ku.

Ban sani ba ko sun ji. Ni ma an yi mini irin wannan faɗan, ban ji ba.

Tambaya ɗaya. Wannan uwar da ta zauna a lungun ƙashi, kowa ya fita ya bar ta, da wa take hira?

Ba komai a ambulan. Na ji ma'aikaciyar jinyar nan mai dogon wuya ta ce ko fure ba a shiga da shi ɗakin.

Shaƙiyyi

*

Yaya,

Gaisuwa. Ƙugu ya warke, na koma gatari, jiya na ɗaga cinyar sa ni kaɗai. Ashe gaskiya kika faɗa, ya cika.

Direba ya ce bai gan ki ba. Yaya Tela ya ce wayarki tana shiga ba a ɗauka. Tawa ba kuɗi, na ari tasa na kira, ta yi ta ƙara, ina addu'a ki ɗauka, ina kuma tsoron ki ɗauka in kasa cewa komai.

Idan nawa ne suka yi mata ɓarna, ki faɗa mini. Kada ki tausaya. Ko layi ɗaya.

Shaƙiyyi

*

Ƙanena,

Wannan karon ma ba tarko ba ne. Ina gaishe ka, ina gaida Gwaggo ta bakinka.

Ka yafe mini shirun. Bayan tafiyarka zazzaɓi ya kama ta, bakinta ya yi gyambo har ruwa ba ya wucewa. Kullum a ɗebi jini a duba, ba alamar kowa, gida fayau, nata sun tafi naka ba su fito ba. Ban iya ɗaukar waya ba, don duk mai kira tambaya ɗaya gare shi. Sai wata safiya aka ga 'yan fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki sun ɓullo, washegari suka ƙaru. Ban gama murna ba ƙuraje suka feso mata a tafin hannu da wuya. Likita ya ce mutanenka ne suka fara neman rigima da 'yan gida. Aka ba su magani. Sun yi taurin kai, ba sai na gaya maka wa suka biyo ba, daga baya suka kwanta.

Sun zauna, Shaƙiyyi. An gwada an ga naka ne ke haihuwa a ƙashinta. Ba a barin uwa ta duba jinin 'yarta a wurinmu, amma abokiyar aikina ta tashi daga kujerarta ta ce za ta je shan iska. Na leƙa. Na yi ta zagaya madubin ina neman lauje, ɗaya-ɗaya nake gani. Sauran zagayayyu ne. Na daɗe a kujerar nan. An ce sannu a hankali har rukunin jininta zai koma naka. Da sauran tafiya, za a daɗe ana tsaro, amma an buɗe ƙofar gilashin.

Maganar layin nan kuwa na wadda ta fita ba ta dawowa, ƙwayoyi nake nufi, wallahi, ban sa kaina a ciki ba. Da ka zo na so in faɗa maka, na ga kana fama da gaisuwa sai na ƙyale. Amma tun da ka rubuto nake juya abin. Ka tambayi da wa uwar take hira. Ba ita kaɗai ba ce. Akwai wasu ƙwayoyi kewaye da ita a lungun, maƙwabta, su ke riƙe ta, su ciyar da ita, su gaya mata lokacin barci da lokacin tashi. Idan aka ciro ta aka ajiye ta ita kaɗai a faranti, ba ta daɗewa a matsayin uwa. Na san wannan tun ina ɗaliba. Duk da haka muka fita ɗaya bayan ɗaya, muka ɗauka gida shi ke riƙe kansa.

Likitoci ba za su bar mu mu yi doguwar tafiya ba sai wajen baɗi. Kada ka ba Gwaggo ɗakina.

'Yarka ta sa wani abu a ambulan. Na karya dokar aikina na bar ta.

Yayarka

*

Yaya,

Alhamdu lillahi. Na faɗa da baki a tsakar gida, ta fita sumul ba ta maƙale ko'ina ba, ba kuma wanda ya ji. Na je na yi wa Gwaggo ihu a kunnen hagu cewa sun zauna. Ta ce madalla, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka. Karo na farko ke nan da ta amsa mini daidai.

Na girgiza ambulan ɗin kamar yadda na koya muku. Sai ga 'yar takarda a naɗe, a ciki ɗan guntun auduga, irin wanda ake danna wa mutum bayan allura, da ɗigon jini ɗaya a tsakiya ya bushe. Ta rubuta: "Kawu, ga jininka ya zo gaishe ka. Ya ce wurinmu ya fi daɗi."

Ni da nake wanke jini daga hannuna kullum da bokiti, na rasa inda zan ajiye ɗigo ɗaya. Na sa a aljihu na ciro, na sa a kan taga na ɗauke. A ƙarshe na buɗe ɗakinki. Tarkacen Gwaggo bai shiga ba, da ma cika baki na yi. Na share, na ɗora shi a kan matashi, na jawo ƙofa.

Saboda haka ki gyara karatunki, Yaya, ki gaya wa likitan ma ya gyara nasa. Kin ce wadda ta fita ba ta dawowa. Ɗaya ta dawo, tana ɗakinki tana hutawa. Yau da na shigo na yi sallama, ban amsa wa kaina ba, na bar wa baƙo.

Ki tambayar mini ma'aikaciyar nan mai dogon wuya ko yanzu an yarda kofaton akuya ya shiga. Na wanke shi da sabulu.

Ƙaninki,
Shaƙiyyi